Yadda Ake Shirya wa Aikin Koyar da Kwamfuta, da Abin da Masu Ɗaukar Ma'aikata Ke Dubawa

Na sha zama cikin kwamitin tantance masu neman aikin koyarwa a wata cibiyar koyon kwamfuta a Kano, kuma abin da na daɗe ina lura da shi shi ne, akasarin waɗanda muka ba wa haƙuri ba jahilcin na'urar ne ya kayar da su ba, domin wasunsu sun fi mu da muke yi musu tambayoyin saninta. Sun zo ne da niyyar nuna mana iyakar abin da suka iya, alhali mai cibiya yana neman mutumin da zai zaunar da wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ya tashe shi bayan wata uku yana aiki shi kaɗai ba tare da ya waiwayo neman taimako ba. Duk matakan da zan jero a nan daga wannan buƙata suka samo asali.

Mataki na farko: ka san wurin da kake nema

Sunan aikin ɗaya ne, amma masu ɗauka iri-iri ne, kuma wanda ya tura takarda guda ga kowa yakan rasa duka. Ƙananan cibiyoyi masu zaman kansu, waɗanda ke ba da horon wata uku zuwa shida, suna rayuwa ne da kuɗin ɗalibai, saboda haka idonsu yana kan malamin da ɗalibai ba za su gudu daga ajinsa ba bayan mako biyu. Makarantun firamare da sakandare malamin aji suke nema, mai bin manhajar karatu, mai rubuta tsarin darasi, mai iya riƙe yara arba'in a ɗaki mai kwamfuta goma. Wuraren da ke shirya ɗalibai don jarrabawar JAMB, wadda aka fara yi da kwamfuta a 2013 kuma ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, sun fi damuwa da wanda zai cire wa yaro tsoron na'ura cikin 'yan kwanaki. Sai kuma shirye-shiryen gwamnati da na ƙungiyoyi, irin waɗanda NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ke gudanarwa ko shirin 3MTT na horar da mutum miliyan uku a fannin fasaha, da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar a 2023, inda ake son mai horarwa wanda ya iya rubuta rahoto da ajiye rajistar halarta, domin da waɗannan takardu ne ake nuna wa masu ba da kuɗi cewa an yi aikin.

Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, ka karanta sanarwar sau biyu, ka ja layi a ƙarƙashin manhajojin da aka ambata da irin ɗaliban da za a koyar. Idan wurin yana garinku, ka je da ƙafarka ka ga ɗakin: kwamfutoci nawa ne, nawa ke aiki, akwai majigi ko allo ne kawai, janareta suke amfani da shi ko sola. Wannan ziyara ta rabin awa za ta amfane ka a ranar ganawa fiye da kwana uku na karatu.

Mataki na biyu: ka tsara takardunka

Takarda ba ta ba mutum aiki, amma rashinta yana hana a kira shi. Ga aikin makaranta, mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, kuma wanda ya yi digiri ko HND a fannin kwamfuta ba tare da darasin koyarwa ba, hanyar da aka saba bi ita ce ya yi PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, sannan ya yi rajista da hukumar TRCN, wadda aka kafa a 1993 don rajistar malamai. Akwai kuma hukumar CPN, ita ma ta 1993, mai rajistar ƙwararru a fannin kwamfuta, kuma wasu manyan ma'aikatu sukan tambaye ta. Wanda ya kammala jami'a ko HND ya haɗa da takardar kammala hidimar ƙasa, ko takardar yafewa idan ya wuce shekara 30 lokacin da ya gama karatu.

Bayan waɗannan akwai shaidun ƙwarewa na kamfanoni, kuma a nan ne matasa ke yawan ɓarnatar da kuɗi. Ka zaɓi wadda ta dace da abin da za ka koyar. Mai koyar da aikin ofis ya nemi Microsoft Office Specialist ko ICDL, shaidar iya amfani da kwamfuta ta ƙasa da ƙasa. Ta farkon tana da daraja a idon mai ɗauka saboda a cikin manhajar kanta ake yin jarrabawar, ba zaɓin amsa ba ne. Mai koyar da gyaran na'ura ya dubi CompTIA A+, mai koyar da haɗa hanyoyin sadarwa kuma CCNA ta kamfanin Cisco. Waɗannan biyun na ƙarshe shekara uku suke yi sai a sabunta su, don haka kada ka rubuta shaidar da ta mutu kamar tana da rai, domin ana iya duba lambarta a intanet cikin minti ɗaya, kuma wanda aka kama da wannan ba a ƙara yarda da sauran abin da ya rubuta.

Wani ƙaramin abu da ke jawo matsala babba shi ne saɓanin suna. Idan takardar sakandare ta ce Muhammad, ta jami'a ta ce Mohammed, katin NIN kuma ya juya jerin sunayen, ka yi takardar rantsuwa a kotu tun kafin a tambaye ka. Tarin takardun halartar taron bita na kwana ɗaya kuwa, ka bar su a gida. Ban taɓa ganin sun sauya ra'ayin kwamiti ba.

Mataki na uku: ka gwada hannunka kafin a gwada ka

Kusan kowace cibiya mai hankali za ta zaunar da kai gaban na'ura. Abubuwan da ake tambaya ba sa canzawa sosai, saboda haka babu uzurin a same ka ba shiri. A Word, a ce ka tsara wasiƙa guda da za ta fita da sunaye hamsin daban-daban daga jerin da ke Excel, ko ka sa lambar shafi ta fara daga shafi na uku, ko ka fitar da jerin abin da ke ciki ba tare da ka buga shi da hannu ba. A Excel, a ba ka makin ɗalibai a ce ka fitar da jimilla da matsakaici da matsayi, ka yi amfani da dabarar IF wajen raba waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, ka ɗauko suna daga wani shafi da VLOOKUP. A nan ka yi hattara: idan ka saba da XLOOKUP, sabon salon VLOOKUP, a kwamfutarka, babu shi a Excel na 2016 da na 2019, kuma irin waɗannan tsofaffin ne suka cika ɗakunan horo. Na ga saurayi ya buga shi sau huɗu yana gumi, yana zaton na'urar ce ta lalace.

Haka nan ka saba da tsohon Windows da sabo. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, amma zai daɗe a kan teburan cibiyoyinmu, tun da yawancin na'urorin na hannu ne da aka sayo a kasuwa kuma ba za su ɗauki Windows 11 ba. Mai cibiya yana kuma son malamin da ba zai tsayar da aji don firinta ta ƙi aiki ba. Ka iya haɗa majigi, ka iya gane ko igiyar allo ce ta saki ko wuta ce ba ta shiga, ka iya cire takardar da ta maƙale, ka iya tsabtace filas ɗin da ya kwaso ƙwayar cuta. A ƙaramar cibiya babu injiniya na daban. Malamin shi ne injiniyan.

Ka sa agogo, ka yi waɗannan ayyuka kana magana da ƙarfi kana bayyana abin da hannunka ke yi. Yin aiki shiru daban ne, yin sa kana bayani daban ne, kuma na biyun ne sana'ar.

Mataki na huɗu: ka tara shaidar cewa ka taɓa koyarwa

Takardar tarihin aikinka kada ta wuce shafi biyu, kuma ka tuna ita kanta jarrabawa ce: wanda ke neman koyar da Word ya kawo takarda da aka daidaita layukanta da bugun tazara, ya riga ya amsa tambayar da ba a yi masa ba. Maimakon ka rubuta cewa kana da ƙwazo da haƙuri, ka faɗi wanda ka koyar, su nawa, me ka koya musu, a cikin wane lokaci, kuma me suka iya daga baya. Idan ba ka taɓa riƙe aji da albashi ba, ka nemi inda za ka koyar kyauta na 'yan makonni, ko a Islamiyyar unguwarku, ko ga ƙungiyar matasa, ko a wurin da kake hidimar ƙasa, sannan ka karɓi wasiƙa daga shugaban wurin. Ka zo ganawa da tsarin darasi guda da ka rubuta da kanka, da takardar atisaye guda da ka shirya wa ɗalibai, a buge a takarda, ba a cikin waya ba.

Mataki na biyar: darasin gwaji

A nan ake yanke hukunci, ko da an ci gaba da tambayoyi bayansa. Yawanci za a ba ka minti 10 zuwa 15 ka koyar da abu guda, wani lokaci da ɗalibai na gaske, wani lokaci 'yan kwamitin su zama ɗaliban, suna yin kuskure da gangan.

A cibiyar da na ambata, dabararmu ita ce mu roƙi dattijon da ke gadin ƙofa ya zauna a matsayin ɗalibi, shi da bai taɓa amfani da komai ba sai ƙaramar waya mai maɓallai. Wata rana wani matashi mai tarin takardu ya zo, muka ce ya koya wa dattijon yadda zai rubuta sunansa ya adana. Ya fara da tarihin kwamfuta da rabe-rabenta, ya cinye minti shida dattijo bai taɓa komai ba. Da aka zo ga aiki, hannun tsohon yana rawa, kibiyar tana yawo a allo, sai matashin ya ce, "Baba, kawo in nuna maka," ya karɓe linzamin, ya danna nan ya danna can, cikin daƙiƙa biyar an gama. Dattijo ya yi murmushi ya ce, "Madalla, Malam, Allah ya ƙara basira." Da muka ce ya maimaita, ko inda zai fara bai sani ba.

Bayansa wata malama ta shigo. Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi sunansa da na garinsu, ta ce, "Baba, yau sunanka za ka rubuta da hannunka, ni ba zan taɓa ba." Ta goya hannuwanta a baya, ta bar shi ya yi ta zagaya linzamin har kibiyar ta fara bin umarninsa. Da ya danna harafi ya daɗe a kai, harafin ya cika layi, ya janye hannu a firgice yana cewa ya ɓata musu na'ura, sai ta ce, "Ba abin da ya ɓaci, Baba, ga maɓallin gogewa nan, kai za ka goge." Minti goma sha biyu ta yi, abu guda ta koyar, amma da muka ce ya sake, ya sake. Ita muka ɗauka, kuma takardunta ba su kai rabin na wancan ba.

Daga irin wannan ne za ka fitar da tsarin darasinka. Ka zaɓi abu ƙarami wanda za a iya gamawa a lokacin da aka ba ka. Ka faɗa a jimla ɗaya abin da ɗalibi zai iya idan an tashi. Ka nuna sau ɗaya a hankali, ku yi tare sau ɗaya, sannan ka ja da baya ya yi shi kaɗai, kuma mafi yawan lokacin ya tafi a wannan kashi na ƙarshe. Kada ka tambayi aji ko sun gane, domin kunya za ta sa kowa ya ce ya gane, musamman manya a gaban yara. Ka ce a yi maka ka gani. Ka zagaya ka duba allon kowa, kada ka maƙale a gaban ɗaki ko a wurin ɗalibin da ya fi sauri. Misalanka su fito daga rayuwar waɗanda ke gabanka: lissafin bashin kanti, jerin kuɗin adashi, sakamakon jarrabawar 'yan aji, wasiƙar neman aiki. Idan masu shirin JAMB ne, ka nuna musu cewa ana iya zaɓar amsa da haruffan A zuwa D, a wuce gaba da N, a koma baya da P, domin yaron da linzami ke ba wa wahala wannan kaɗai zai iya ceto masa mintuna masu yawa.

Ka kuma shirya wa ɗaukewar wuta. Wasu kwamitoci da gangan suke kashe majigi a tsakiyar darasi don su ga abin da za ka yi. Wanda ya tsaya yana kallon silin yana jiran a tada janareta ya faɗi. Wanda ya ɗauki alli ya zana fuskar manhajar a allo, ko ya raba hoton allon maɓallai a takarda ya ci gaba, ya nuna ya san ƙasar da yake aiki a cikinta. Idan aka yi maka tambayar da ba ka san amsarta ba, ka ce ba ka sani ba, ka nuna yadda za a nemo ta. Masu ɗauka sun fi tsoron malamin da ke ƙirƙiro amsa, saboda ɗalibai talatin za su fita da ita su yaɗa.

Mataki na shida: harshe

Manhajojin da Turanci suke, ɗalibai da yawa kuwa da Hausa suke tunani, kuma malamin da ake rububi shi ne mai iya tsayawa tsakani. Ka yi bayani da harshen da aka fi ganewa, amma ka bar sunan maɓalli yadda yake a rubuce a allo, domin shi ɗalibi zai gani ran da ba ka nan. Ka koyi yadda ake kunna tsarin rubutun Hausa a Windows da kuma a waya don fitar da ɓ da ɗ da ƙ, saboda masu buga takardu da ma'aikatan gidajen rediyo da malaman makaranta suna buƙatarsa, kuma malamai kaɗan ne ke koyar da shi. Wanda zai nemi aiki a Maraɗi ko Damagaram ya sani cewa a can manhajojin da Faransanci suke, allon maɓallan ma tsarin AZERTY ne, wato jerin haruffansa ya bambanta da wanda aka saba a Najeriya, har sunayen dabarun Excel sukan sauya, SUM ya koma SOMME.

Mataki na bakwai: amana

Wannan ba a rubuta shi a sanarwa, amma shi ake bincika idan an kira waɗanda ka ba da sunayensu a matsayin masu tsaya maka. Za a damƙa maka makullin ɗaki mai kayan miliyoyin naira, da lambobin wayar ɗalibai, da hotunansu, da lambobinsu na NIN a wasu shirye-shiryen. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa cibiyar alhakin tsare waɗannan, don haka mai ita yana son ya ji ka san cewa ba a kwashe su a filas a tafi da su gida, ba a kuma tura su a zauren WhatsApp. Iyaye da mazaje da yawa sai da aka lallashe su suka bar 'ya'yansu da matansu suka zo koyo, kuma saƙo guda da malami ya tura wa ɗaliba da dare ya isa ya rufe ajin mata gaba ɗaya. Wannan na cikin dalilan da suka sa cibiyoyi ke neman malamai mata ido rufe, kuma mace mai wannan sana'a ta san cewa tana da kasuwa. Haka batun janye ɗaliban cibiya zuwa darasin gida a ɓoye, da taimaka wa ɗalibi a jarrabawa, da makara: ajin ƙarfe takwas da malami ya iso tara saura, man janareta ya riga ya ƙone a banza.

Ka zaɓi masu tsaya maka daga cikin waɗanda suka ga aikinka da idonsu, ba mai muƙami da bai san ka ba sai a gaisuwa, kuma ka sanar da su tun da wuri cewa za a iya kiran su.

Mataki na takwas: ranar ganawa da maganar sharuɗɗa

Ka iso da wuri da asalin takardunka da kwafinsu, da darasinka a filas da kuma a takarda. Tambayoyin da aka fi maimaitawa na yanayi ne: yaya za ka yi da aji wanda rabinsa sun iya rabinsa ba su taɓa kunna na'ura ba, yaya za ka gyara wa ɗalibin da ya haife ka kuskure ba tare da ka kunyata shi ba, me za ka yi da ɗalibai uku a kan kwamfuta ɗaya. Ka amsa da abin da ka taɓa yi, ba da abin da littafi ya ce ba. Ga ta ƙarshen, alal misali, amsar da ke gamsar da ni ita ce a sa agogo a riƙa juya kujera, a kuma fara da wanda ya fi rauni, domin in an bar su, mai iyawa ne zai riƙe linzami har a tashi. Za a iya tambayarka sabon abin da ka koya a watannin nan, kuma yanzu da ɗalibai ke zuwa da tambayoyi kan ChatGPT da makamantansa, ka tanadi amsa ta gaskiya game da yadda za ka koya musu amfani da su da kuma duba abin da suka fitar.

Idan an zo maganar kuɗi, ka tambayi yadda ake biya kafin ka tambayi nawa: albashin wata ne, ko kason kuɗin kowane ɗalibi, ko biyan kowane zango, domin wanda ake biya bisa yawan ɗalibai zai ji jiki a watannin da ɗakin ke zama fayau. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma yawancin ƙananan cibiyoyi a nan suka faɗo, saboda haka abin da kuka yi yarjejeniya a kai shi ne madogararka. Ka tambayi awa nawa za ka koyar a mako, ko Asabar tana ciki, wa ke biyan kuɗin data, wa ke ɗaukar asara idan na'ura ta lalace a ajinka, da kuma tsawon lokacin gwaji. Dokar ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, amma gara ka roƙi wasiƙar tun kafin ka shiga aji na farko, ka karanta ta a gida, ka ajiye kwafi mai sa hannun ku biyu.